Daga Faifan Matasan Jamus Zuwa Memorin Tashar Gure: Wa Zai Tattara Waƙoƙin Gabas?

A kowane gari da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Difa, akwai wata sana'a da ba a koyon ta a makaranta. Saurayi ne da teburinsa, da kwamfutar da ta sha ƙura, da tarin wayoyin caji, da lasifikar da ke kiran mutane tun daga nesa. A Gure, mai nisan kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, wurin zamansa bakin tasha ne ko ƙofar kasuwa. Direba zai tsaya ya miƙa masa memori ya ce, "Cika min." Makiyayin da ya shigo sayar da awaki zai ce a sa masa na Fulani, a haɗa masa da wa'azi. Budurwa za ta aiko ƙanenta da salula a tura mata sababbin na Kano. Kafin shayi ya huce an gama, an biya, kowa ya kama gabansa.

Mai tura waƙa ake ce masa, amma babban aikinsa zaɓe ne. Shi ya san wanda zai so Shata da Ɗan Anace, da wanda ba ya sauraron kowa sai Hamisu Breaker da Umar M. Shareef. Shi ke yanke hukuncin ko gitar Agadas za ta zauna kusa da algaitar Mangawa ko a raba su. Duk memorin da ya fita daga hannunsa tarin waƙoƙi ne tsararre, irin wanda kamfanonin faya-fayai a wasu ƙasashe suke ɗaukar ma'aikaci musamman ya yi musu. Sai dai nasa tarin ba ya daɗewa. Sau da yawa waƙa ba ta ɗauke da sunan mai ita, sai wata lamba. Ba shekara, ba garin da aka ɗauke ta, ba sunan makaɗi. Wata mai zuwa mai memorin zai dawo ya ce a goge a sa wasu.

Waƙoƙin Kano ba sa asarar komai a wannan gogewa, domin suna nan a YouTube da hannun masu su. Wadda ke salwanta ita ce ta gida: waƙar da wani yaro ya ɗauka a ɗakinsa a Gure, kiɗan da aka naɗa da salula a wurin biki a Kelle ko Gidigir, muryar tsohuwar zabiyar da ba ta taɓa taka ƙofar situdiyo ba. Wannan asara babba ce, kuma tana da magani. Hujjata daga nesa na ɗauko ta, daga wasu faya-fayan tarin waƙoƙi da matasan Jamus suka haɗa wa kansu shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce.

Matasan da suka ƙi jiran kamfani

A 1976 da 1977 wani salon kiɗa ya ɓarke a New York da Landan, ana ce masa pank. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu sauri da kaushi, kuma bai nemi gwaninta a wurin kowa ba. In kana da abin faɗa, ka ɗauki gita ka faɗa yau. Salon ya tarar da Jamus a rabe gida biyu, katanga ta tsaga birnin Berlin tun 1961, sojojin Amurka a yamma, na Tarayyar Sobiyet a gabas. Yawancin masu kiɗan zamani a Jamus ta Yamma da Turancin Ingila suke waƙa a lokacin, saboda ana yi wa Jamusanci kallon harshen waƙoƙin nishaɗin dattawa. Sababbin yaran suka juya wa wannan tunani baya. A wata mashaya mai suna Ratinger Hof a Düsseldorf, da zauren SO36 da aka buɗe a unguwar Kreuzberg ta Berlin a 1978, da zauren Markthalle na Hamburg, suka fara waƙa da harshen da suke zagi da soyayya da shi. Suna waƙar gine-ginen kankare, da zaman banza, da 'yan sanda, da fargabar yaƙin nukiliya. A 1979 wani ɗan jarida, Alfred Hilsberg, ya rubuta jerin maƙaloli a mujallar Sounds, ya laƙaba wa harkar suna Neue Deutsche Welle, wato sabon yayin Jamus.

Manyan kamfanoni ba su kalle su ba da farko, kuma ƙungiyoyin da ke da kuɗin buga faifai cikakke su kaɗai ba su da yawa. Dabarar da suka yi ita ce karo-karo: kowace ƙungiya ta kawo waƙa ɗaya ko biyu, a haɗa a faifai guda. Hilsberg ya kafa ƙaramin kamfaninsa, ZickZack, a Hamburg a 1980, ya fitar da tarin Geräusche für die 80er daga wasan da aka yi a Markthalle. A Berlin ta Yamma, Karl-Ulrich Walterbach ya kafa Aggressive Rockproduktionen, ya fitar da tarin Soundtracks zum Untergang a farkon shekarun 1980. Wannan faifai ya shiga hannun hukuma saboda kalaman wasu waƙoƙinsa, ciki har da wadda ƙungiyar Slime ta Hamburg ta caccaki 'yan sanda a cikinta, har aka koma bugun da aka toshe wasu kalmomi da ƙara. Waɗanda ba su kai ga faifai ba kuwa sai suka koma kaset, suna naɗa a gida, suna kwafa, suna aika wa juna ta gidan waya. Ƙungiyar Einstürzende Neubauten, da aka kafa a Berlin a 1980, ta mayar da tsofaffin ƙarafa da injin huda bango kayan kiɗa.

A Jamus ta Gabas lamarin ya fi tsanani, domin can kamfanin faya-fayai na gwamnati ne, kuma ba a hawa dandali sai da takardar izini. A 1983 aka yi fasa-ƙwaurin naɗaɗɗun waƙoƙin ƙungiyoyi biyu, Schleimkeim da Zwitschermaschine, aka tsallakar da su yamma, kamfanin Walterbach ya buga su da sunan DDR von unten. An sauya wa Schleimkeim suna a jikin faifan don a kare su, amma duk da haka 'yan sandan ciki na Stasi sun gano su, suka tsare mawaƙinsu, Dieter Ehrlich. Bayan faɗuwar katanga aka bankaɗo cewa Sascha Anderson, wanda ke cikin Zwitschermaschine kuma da hannunsa aka tsallakar da waƙoƙin, ɗan rahoton Stasi ne tun da daɗewa.

Yayin bai yi tsawon rai ba. Da manyan kamfanoni suka ga akwai kuɗi, sai suka shigo da ƙarfinsu, suka tace kaushin, suka cika kasuwa. Waƙar "Da Da Da" ta ƙungiyar Trio a 1982 da "99 Luftballons" ta Nena a 1983 suka zaga duniya, zuwa 1984 kuwa jama'a sun gaji, harkar ta mutu. Ƙungiyoyi da dama sun watse ba su taɓa yin faifan kansu ba. Abin da ya rage na shaidar sun taɓa rayuwa shi ne waƙar nan guda da ke kan faifan karo-karo, da sunansu da garinsu a bayan kwali.

A kan wannan shaida aka gina tarihi daga baya. A 2001 marubuci Jürgen Teipel ya fitar da littafin Verschwende Deine Jugend, wanda ya haɗa daga hirarraki da kimanin mutum 100 da suka rayu cikin harkar. A 2002 tagwayen faya-fayan CD masu wannan suna suka biyo baya, ɗauke da waƙoƙin 1977 zuwa 1983, gidan baje kolin fasaha na Kunsthalle a Düsseldorf kuma ya shirya nuni na musamman a kan zamanin. Yaran da aka ɗauka 'yan hayaniya ne kawai sun zama babi a tarihin ƙasarsu, saboda wani ya damu ya rubuta suna da shekara.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mu da masu askin banza da mashaya. Ba rayuwarsu nake kira a kwaikwaya ba, kuma akwai abubuwa da yawa a cikinta da tarbiyyarmu ba za ta karɓa ba. Abu biyu na ɗauka a wurinsu: sun yi waƙa da harshensu game da garinsu, sannan sun tattara kansu da kansu ba su jira baƙo ba.

Namu tarin, baƙi ne suka haɗa shi

Ƙasarmu ta san kaset ɗin da ake ɓoyewa. A lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, waƙoƙin Abdallah Oumbadougou daga hannu zuwa hannu suke yawo, kuma riƙe su na iya jawo wa mutum fitina. Ba mu rasa irin wancan ƙarfin hali ba. Abin da muka rasa shi ne mai tattarawa daga cikinmu.

Wajen 2010 wani Ba'amurke daga birnin Portland, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal ta ƙasar Mali yana musayar waƙoƙi da matasa, daga memorin salularsu zuwa kwamfutarsa. A 2011 ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a ƙarƙashin kamfaninsa na Sahel Sounds. Wahalar da ya fi sha ita ce wadda na ambata a sama: waƙoƙin ba su da sunaye. Sai da ya bi diddigi ta waya da intanet da tambayar matafiya kafin ya gano masu su, aka kuma tsara cewa kashi 60 cikin 100 na abin da aka samu nasu ne. Cikin waƙoƙin akwai "Tahoultine" ta wani matashi ɗan jihar Tawa, Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma faifan bai bi ta kanti ba, daga salula zuwa salula ya yaɗu. Yau Mdou Moctar yana cika zaure a Amurka da Turai, kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Ƙofar da ya shiga duniya ta ita, waƙa ɗaya ce a faifan karo-karo.

Kamfanin Sahel Sounds ya sake yin irin wannan a 2013 da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, inda aka ji muryoyi irin na Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi, da Abubakar Sani. A shekarar kuma ya farfaɗo da kaset ɗin da Mamman Sani ya naɗa a Yamai a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, kiɗan da 'yan Nijar suka shekara suna ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, da yawansu ba su san mai shi ba. Kafin nan kamfanin Sublime Frequencies na Seattle ya fara jerin Guitars from Agadez a 2007 da Group Inerane, ya biyo da Bombino a 2009. A 2020 Sahel Sounds ya koma karɓar waƙoƙin ta WhatsApp kai tsaye daga hannun mawaƙa.

Aikin nan ya cancanci yabo, musamman inda aka nemi mai waƙa aka biya shi. Amma kunnen baƙo kunnen baƙo ne. Abin da ya yi kama da kiɗan da ya saba da shi yake fara ji, shi ya sa gitar Agadas ta samu gata. Ka saurari faya-fayan nan da na lissafa daga farko har ƙarshe, ba za ka ji algaita da gangar fadar Muniyo ta Gure ba, ba za ka ji waƙar matan da ke aikin kanwa ba, ba za ka ji ta Tubawan arewacin Gure ba. Wanda bai san Nijar ba zai ɗauka kiɗanta a Agadas ya fara, a Yamai ya ƙare.

Darasin Malam Mamman Barka

Gure ba baƙuwar tarihi ba ce. A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, ya rubuta yadda ya ga garin da duwatsunsa da sarautarsa. Alƙalaminsa ya riƙe sunan sarki, amma a zamanin babu na'urar da za ta riƙe kiɗan fadarsa. Da na'urar ta samu, Jamusawa suka kafa taskar adana sauti a Berlin a 1900, wadda UNESCO ta sa cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 1999. A shekarun 1960 kamfanin Ocora na Faransa ya buga faya-fayan makaɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya naɗa. Ɗan Gure da ke son jin yadda kakanninsa suka busa algaita, ya fi sauƙin samun abin a Turai da a garinsu.

Mutum ɗaya daga wannan yanki ya fahimci haɗarin tun da wuri. Malam Mamman Barka Batube ne, an haife shi a Taskar a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da garin ke ƙarƙashin Gure, domin sai a 2011 Taskar ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Malamin makaranta ne kafin gurminsa mai tsirkiya biyu ya sa a san shi a Nijar da arewacin Najeriya, yana waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci. Yana da suna, yana da masoya, zai iya zama a kan abin da ya iya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, molon masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya durƙusa ya zama almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa. A 2009 kamfanin World Music Network na Landan ya fitar da faifan Introducing Mamane Barka, tare da makaɗinsa Umaru Adamu.

A lura da abin da ya biyo baya. A 2015 rikicin Boko Haram ya shigo jihar Difa, bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu hukumomi suka umarci mazauna tsibiran tafkin su tashi. Al'ummar da ta haifi biram ta watsu a sansanoni da bakin hanya. Malam Barka kansa ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018, Allah ya jiƙansa. Da ya jinkirta tafiyar nan shekara goma sha uku, da babu wanda zai tarar. Abin da ya tsira shi ne abin da aka naɗa aka sa wa suna.

Biram ya yi sa'ar samun Barka. Sauran fa? A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa na ƙasa sun sa gundumomi suna shirya tawagar waƙa da rawa, ana gasa, gidan rediyon Muryar Sahel yana naɗa. Waɗanda suka yi waƙa a tawagogin gabas a wancan lokaci yanzu dattawa ne, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Gasar Ɗan Gurmu da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai sun fito da mawaƙa masu yawa. Damagaram ta yi Ma'azu Ɗan Alalo. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙurar ƙasarmu, yana manne wa juna, yana tsinkewa, rediyon da zai juya shi ma ya zama abin nema.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba

Abin da Hilsberg ya mallaka a 1980 bai kai abin da ke kan teburin mai tura waƙa a yau ba. Kwamfuta ɗaya tana iya naɗa, ta gyara, ta kwafa, ta aika. Abin da babu shi ne ɗabi'ar rubutawa. Tarin waƙoƙin Gure na farko bai buƙaci fiye da waƙoƙi goma sha biyar ko ashirin ba, a ɗauko daga Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, tsoho da yaro, mai algaita da mai waƙar zamani a kan kiɗan kwamfuta. Kowace waƙa a rubuta mai ita, da makaɗansa, da garinsu, da harshen, da shekarar, da dalilin yin ta. Kada a tace. Yaron da ke waƙar rashin aiki da tafiya Libiya, da muryarsa mai kaushi da kiɗansa mai arha, shi ne zai fi gaya wa jikokinmu yadda wannan zamani ya kasance, ko da a yau manya ba sa son jin sa.

Maganar haƙƙi kuwa ba a wasa da ita. Masu tura waƙa sun taimaka wajen durƙusar da kasuwar kaset da CD ta Ƙofar Wambai a Kano, kuma mawaƙa sun daɗe suna kukan ana cin guminsu. Tarin da za a haɗa a kan irin wannan cuta ba shi da albarka. Dole a nemi yardar mai waƙa, a yi magana a kan rabonsa a gaban shaidu, a yi rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA. Matar da ta yi waƙa a cikin gida ranar suna ba ta yi don duniya ta ji ba, sai in ta amince, ita da iyalinta. In ta ce a'a, a bar mata abinta.

Akwai kuma batun inda za a ajiye. Waya tana faɗawa ruwa, kwamfuta tana mutuwa, shafin intanet na kamfanin wata ƙasa ne da zai iya rufewa ba tare da ya shawarci kowa ba. Kwafi ɗaya ya zauna a gidan rediyon gari, ɗaya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ɗaya a cibiyar binciken IRSH ko CELHTO a Yamai, waɗanda dama adana maganar baka na cikin aikinsu. Ɗaliban jami'ar da ke neman batun kundin kammala karatu, ga shi nan a garinsu, ba sai sun kwafo na wani ba.

Kirana ga ma'aikatar magajin garin Gure, da masu sarautar Muniyo, da ma'aikatan gidajen rediyon yankin, da 'yan kasuwar garin da Allah ya buɗa wa a Damagaram da Yamai da Kano: ku haɗa kuɗin na'urar naɗar murya mai kyau ɗaya da man babur, ku damƙa wa matasa biyu ko uku masu amana. A fara da dattawan makaɗa da zabiyoyin da ke raye a bana, kafin a zo kan yara.